Kamfanin da ke gyara mana kwamfuta daga nesa: inda suka ƙware da inda suke da saura

Ƙaramin kamfani ne na wasu samari a nan Kano. Aikinsu kula da kwamfutocin ofisoshi ba tare da sun tako ƙafa sun zo ba. Ana biyansu duk wata uku, idan wani abu ya lalace su shigo kwamfutarka ta intanet daga inda suke zaune, ka ga kibiyar linzami tana yawo a allo, su gyara su fita. Ba zan kama sunansu ba, domin akwai maganganun da zan yi da ba za su yi musu daɗi ba, kuma irinsu sun yawaita a garin nan, abin da zan faɗa zai amfani duk mai shirin ɗaukar ɗaya daga ciki. A ganina sun ci kuɗinsu. Su da sauri suke tallata kansu, ni kuwa abin da ya sa nake yaba musu shi ne yadda suke yi ranar da shigowar kanta ta ƙi, injiniya yana can yana dannawa, kwamfuta tana cewa ba ta samu hanya ba.

Ni ce akantar wani kamfani da ke sayen riɗi da soɓorodo da citta, ana lodawa zuwa Legas a fita da su waje. Ofishinmu yana cikin gari, sitonmu yana Dawanau a kan hanyar Katsina. Lissafinmu gaba ɗaya yana cikin kwamfuta guda da ke ajiye a kusurwar ofishina, ba mai zama a gabanta. Idan an auna kaya a sito an sallami dillali, magatakarda yakan shiga wannan kwamfutar daga can ya rubuta. Da kaka, lokacin da riɗi ke shigowa mota bayan mota, in hanyar nan ta toshe sai a koma biro da takarda, a tara mini rasitai in kwana a kansu, kuma a nan ne buhu yake ɓacewa tsakanin abin da sikeli ya ce da abin da littafi ya ce.

Abu na farko da babban injiniyansu ya zaunar da ni ya ganar da ni shi ne hanya biyu muke bi, muna ɗaukarsu ɗaya. Akwai Remote Desktop na Windows, wanda magatakarda ke shiga da shi. A wannan, kwamfutar da za a shiga tana zaune ne tana jiran a ƙwanƙwasa mata ƙofa mai lamba 3389. Dole mai zuwa ya san adireshinta, kuma dole ƙofar ta kasance a buɗe tun daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, har cikin kwamfutar. Sai kuma irin su TeamViewer da AnyDesk, manhajojin Jamus, waɗanda masu gyara ke shigowa da su. Su kuma kwamfutarka ce ke fita da ƙafarta ta je ta gabatar da kanta ga sabar kamfanin manhajar, wato babbar kwamfutarsu da ke kan intanet, ta injiniya ma ta je, a haɗa su a can. Saboda haka abin da ya hana ɗaya aiki sau da yawa bai shafi ɗayan ba. Tun daga ranar, in na kira, tambayarsa ta farko ita ce: “Hajiya, wanne ne ya ƙi, na Dawanau ko namu?”

Daga nan yana da jerin da ba ya tsallakewa. Akwai wuta a jikin kwamfutar, ko barci take? Fitilar da ke bakin kebul tana ƙiftawa? Wane adireshi ta samu? Ana iya kaiwa ga ƙofar? Sai bayan duk waɗannan yake zuwa kan suna da kalmar sirri. Yakan sa ni in buɗe baƙin allon nan in rubuta ipconfig in karanto masa lambobi, ko in rubuta Test-NetConnection da adireshin kwamfutar lissafi da lambar 3389 mu ga ko za ta amsa. Ya taɓa gargaɗina kada in dogara da ping kaɗai, wato ɗan saƙon gwajin da ake aika wa kwamfuta a ga ko tana nan, domin katangar tsaron Windows takan ƙi amsa shi alhali kwamfutar lafiyarta ƙalau. Masu gyaran da muka yi hulɗa da su a baya, da zarar abu ya ƙi sai su ce a goge Windows a sake zubawa. Wannan bawan Allah bai taɓa fara magana da gogewa ba.

Wata safiyar Litinin manhajar lissafi ta ƙi buɗewa a kwamfutar teburina. Na kira, yaron da ke kan layi ya ce in karanto masa lambar da manhajar shigowa ke nunawa. Wurin lambar fayau, a ƙasa tana ta cewa tana neman netwok. Intanet kuwa akwai, ga wayata a kan Wi-Fi ɗin ofis tana aiki. Ya ce in gwada shafin banki, shi ma ya ƙi, ya fito da gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne. Sai ya miƙa wa ogansa wayar. Bai yi mini tambaya ko ɗaya a kan intanet ba.

“Hajiya, duba can ƙasan allo ta hannun dama. Yau nawa ga wata kwamfutar take cewa?”

Na duba. Ta mayar da mu shekaru baya, ɗaya ga Janairu, agogo kuma yana nuna sha biyun dare da 'yan mintoci.

“To batirin agogo ne ya mutu. Gyara kwanan wata da hannu, ki faɗa mini abin da ya faru.”

Ina gyarawa, lambar ta fito. Ya shigo, aikin manhajar lissafin ma bai ɗauke shi komai ba, ita ma kwanan watan ne ya rikita ta. Bayanin da ya yi mini shi ne kowace saba da ake haɗuwa da ita cikin sirri tana nuna takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da take zaton muna shekarun baya za ta ga shaidar ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi yarda da ita. In tazarar ta yi yawa kuma Windows ba ta cika gyara agogon da kanta ba. Kwamfutocinmu 'yan gwanjo ne, batirin da ke kan allon cikinsu ya tsufa tun kafin su iso ƙasar nan. Muddin suna jone da wuta ba a ganewa, amma mu duk ƙarshen mako muna kashe komai daga bango. Batirin ɗan faifai ne, CR2032, mai bolt 3, irin na rimot ɗin makullin mota. Masinjanmu ya sayo a Beirut Road, injiniya ya nuna masa yadda zai buɗe murfi ya canza ta kiran bidiyo. Sai ya ce a sayo na sauran kwamfutocin duka a canza tun kafin su ma su yi.

Ɗauke wuta ce tushen mafi yawan wahalarmu, kuma ta hanyoyin da ba za ka yi zato ba. Lokacin da suka karɓi aikinmu, abin da ya fi damun mu shi ne duk sanda aka ɗauke wuta aka tada inji, sai Dawanau su kasa shigowa, wani lokacin kuma su shigo lafiya. Mun sha ɗora laifin a kan sabis. Injiniya ya shiga rauta ya nuna mini: wanda ya yi mana aikin a da ya saita ta tana tura duk mai ƙwanƙwasa 3389 zuwa 192.168.0.105, adireshin kwamfutar lissafi a lokacin. Amma rauta ce ke raba adireshi ga duk na'urar da ta nema, in ta mutu ta farfaɗo takan manta wa ta ba me. Wayar wani ma'aikaci ta riga ta karɓe 105, kwamfutar lissafi ta koma 112, baƙo yana ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a bayanta. Maganin bai wuce layi ɗaya ba, ya ɗaure adireshin da lambar katin netwok na kwamfutar, ya zama nata ita kaɗai, ya sa na rubuta a takarda na manna a jikinta. Ya kuma koya mini cewa in na ga adireshi ya fara da 169.254, kwamfuta ce ta nemi rauta ba ta same ta ba ta laƙaba wa kanta lamba, abin da kan faru idan ta riga rauta tashi. Saboda haka muka mayar da rauta da akwatin raba kebul kan inbata. Ya hana kwamfutar lissafi barci, ya hana Windows kashe katin netwok da sunan tattalin wuta, ya kuma saita ta tana kunna kanta da zarar wuta ta dawo.

A ranar ce kuma ya nuna mini abin da ya tayar mini da hankali. Ya buɗe kundin da Windows ke rubuta duk yunƙurin shiga, ya tace lamba 4625, wadda ke nufin an gwada shiga an kasa. Allo ya cika, yana gangarawa ba ya ƙarewa. Dare da rana wasu na'urori daga ƙasashen da ba mu da hulɗa da su suna gwada sunaye irin su admin da user da kalmomin sirri kala-kala a kan kwamfutar da ke ɗauke da lambobin asusun duk dillalanmu. Ya ce haka duk wata 3389 da aka bari a buɗe ga duniya take, kuma ta nan masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa suka fi shiga ƙananan ofisoshi. Ya tuna mini da ɓarakar da aka kira BlueKeep a watan Mayun 2019, wadda ta sa Microsoft ta fitar da faci, wato gyaran toshe ɓarakar, har ga Windows XP da ta daɗe da yin watsi da ita, saboda ana iya shiga ta wannan ƙofa ba tare da kalmar sirri ba. Ya ce a rufe. Alhajin da ke da kamfanin ya ce a dakata tukuna, tunda abin yana aiki kuma madadinsa kuɗi ne.

Ba a daɗe ba ƙofar ta rufe kanta. Mun bar tsohon layinmu muka koma rauta mai sim saboda ta fi sauƙin kuɗi, washegari Dawanau suka kasa shigowa kwata-kwata. Masu gyara suna shigowa lafiya da manhajarsu, amma Remote Desktop ko motsi. An kwafe duk saitin tsohuwar rauta an zuba a sabuwa, a banza. Injiniya ya ce in buɗe shafin rauta in karanto adireshin da kamfanin layi ya ba ta. Ya fara da 100 da wasu lambobi. Ya ce in buɗe shafin da ke nuna adireshin da duniya ke ganinmu da shi. Wani daban ne. “Shi ke nan, Hajiya. Ba mu da adireshin kanmu.”

Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma ya ƙare. Kamfanonin layin waya sai su tara dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya, su ba kowa lambar cikin gida, sau da yawa daga jerin 100.64 zuwa 100.127 da aka ware don haka tun 2012. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da lamba ɗaya a ƙofar zaure: kai kana iya fita ka je ko'ina ka dawo, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kaɗai ba zai san ɗakinka ba, kuma makullin zauren ba a hannunka yake ba. Duk buɗe ƙofar da za ka yi a rautarka aikin banza ne. Alhaji ya ce to a sayo Starlink, wadda ta shigo Najeriya a farkon 2023. Injiniya ya ce za ta ƙara sauri, amma ita ma tsarinta na gama-gari haka yake tara mutane a bayan adireshi ɗaya, ba za ta warware wannan ba. Na ji daɗin wannan amsar, domin da ya yi shiru da ya samu kuɗin ɗaura ta.

Abin da suka yi shi ne suka kama hayar wata 'yar ƙaramar saba mai adireshin kanta, suka ɗora mata VPN na WireGuard, wato manhajar da ke gina rufaffiyar hanya tsakanin kwamfutoci ta cikin intanet. Kwamfutar lissafi tana fita ta haɗu da ita, ta Dawanau ma haka, sai su zama kamar a ofis ɗaya suke, Remote Desktop ya bi ta cikin wannan rufaffiyar hanya. Ba wata ƙofa tamu da ke kallon duniya yanzu, kundin 4625 ya yi tsit. Akwai saura guda da ta ɗan ja lokaci a ranar: da aka canza rauta, Windows ta ɗauki netwok ɗin ofis a matsayin baƙo ta sa shi a rukunin na bainar jama'a, a kwamfutarmu kuwa an buɗe ƙofar ne ga netwok na cikin gida kawai. Har babban fayil ɗin da muke rabawa a ofis ya ɓace. Ya gano, ya mayar da shi, ya kuma duba rukunin da aka sa hanyar VPN ɗin.

Ƙananan abubuwa suna da yawa, ba zan tsaya a kan kowanne ba. Alhaji ya sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka yana son shiga ta daga gida, aka tarar Windows Home ce, ita kuwa tana iya shiga wata da Remote Desktop amma ba a iya shigarta, sai Pro. Sun ƙi sa masa lasisin bogi, suka ce ya biya na gaske. Wani ya yi ta zuba lambar PIN da yake buɗe kwamfuta da ita yana cewa an canza masa, alhali daga nesa kalmar sirrin asusu ake nema. Wata tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 ta riƙa fito da saƙon CredSSP, saɓanin da ya samo asali daga facin tsaro na 2018 tsakanin wadda aka sabunta da wadda ba a sabunta ba. Akwai dabarar sassauta tsaro a wuce, suka ce ba za su yi ba, tunda an daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, a yi ritayarta. Wanda ya fi ba mu wuya shi ne na yankewa. Magatakarda yana cikin rubutu sai a jefo shi waje, ya koma, a sake jefo shi. Kowa ya ce netwok ne. Ashe mataimakinsa ne ke shiga daga wata kwamfutar da suna ɗaya, Windows Pro kuwa mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, na biyu yana shigowa na farko ya fita. Kundin shiga da fita ne ya tona, lokutan sun yi daidai minti da minti.

A kan nauyin hanya ma sun san aikinsu. Su ne suka nuna mini cewa saurin saukewa da ake tallatawa ba shi ne abin dubawa ba, saurin turawa na ɓangaren da ake shiga shi ne ke ɗauke da hoton allo. In ma'aikata suka hau Wi-Fi wayoyinsu suna tura bidiyo, allon Dawanau sai ya daskare. Suka ware wa wayoyi nasu Wi-Fi mai ƙayyadadden rabo, suka rage launin allo zuwa bit 16, suka cire hoton bango, suka kuma hana Remote Desktop bin UDP, ɗaya daga cikin hanyoyin aika bayanai, a kwamfutar sito, wanda ya magance daskarewar da takan yi in sabis yana rawa. Wata rana kuma komai ya yi nauyi a sito, injiniya ya duba daga nesa ya ga katin netwok da ya saba gudu a kan megabit 1000 a daƙiƙa ya faɗo 100, yana yankewa yana dawowa. Ya ce kebul na da zare takwas, mai 1000 yana buƙatar duka, mai 100 huɗu sun ishe shi, don haka wani abu ya taɓa kebul ɗin. Aka bi shi ta bayan buhuna, ɓera ya gutsure shi. Yanzu a cikin bututu yake.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Bankuna ma sun jigata. Sabarmu ta haya a Turai take, sabobin manhajar shigowa ma a waje suke, komai ya zama kamar ana jan ƙafa. Tun kafin in kira suka turo saƙo cewa matsalar ta fi ƙarfinsu, kada kowa ya taɓa saiti, a koma takarda a sito, cikin ofis kuwa kwamfutoci za su ci gaba da ganin juna. Haka kuwa aka yi. Mai gyaran da bai san abin da ke faruwa ba da ya wuni yana birkita mana rauta.

Sai inda suke da saura, kuma ba ƙanana ba ne.

Da farko da manhajar kyauta suke shigo mana. Irin waɗannan manhajoji kyautarsu ta amfanin kai ce, mai kasuwanci lasisi ake so ya saya, in suka lura ana sana'a da su sai su riƙa yanke zaman bayan 'yan mintoci. Ana tsakiyar gyara sai a yanke, yaron ya ce “Anti, sabis ɗinku ne.” Ba sabis ba ne, ni da idona na karanta saƙon da ya fito. Kamfanin da ke karɓar kuɗin mutane ya kasa sayen kayan aikinsa, kuma ya ɗora wa abokin ciniki laifi, wannan bai dace ba. Sai da na kai maganar gaban ogansu kafin suka sayi lasisi.

Na biyu ya fi muni. Sun saita shiga ba tare da neman izini ba a duk kwamfutocinmu, da kalmar sirri guda wadda duk yaransu suka sani. Na gano ne ranar da na ga kibiya tana motsi a allona ban kira kowa ba. Sabuntawa yaron yake yi, da kyakkyawar niyya, amma a lokacin takardar albashi ce a buɗe. Kuma na san ɗaya daga cikin yaransu ya bar aiki ba a canza kalmar ba. Mutumin da ya tsorata ni da kundin 4625 shi ne ya bar wannan a gidansa. Muna riƙe da sunaye da lambobin waya da asusun bankin mutane, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 mu za ta tambaya in suka fita. Na tsaya kai da fata sai da aka canza. Yanzu kwamfutar lissafi kaɗai ake shiga ba tare da mutum a gabanta ba, ita ma da kalmar sirrinta daban da lambar tabbatarwa ta biyu a wayar injiniya. Sauran sai mai kwamfuta ya danna amincewa. Bai yi gardama ba, ya ce ina da gaskiya, amma bai kamata a ce akanta ce ta tuna masa ba.

Tazarar da ke tsakanin ogan da yaransa ma tana da faɗi. Shi yana bin jeri, su kuma “a kashe a kunna” ne farkon maganarsu da ƙarshenta. Ɗaya ya taɓa kashe katangar tsaro da manhajar riga-kafi don ya gwada ko su ne ke tare hanya. Gwajin ba laifi ba ne, amma ya tafi ya bar su a kashe, sai da Windows ta yi ta gargaɗi sakatariyarmu ta nuna mini. Wani kuma ya ɓata mana rabin safiya yana cewa allonmu ya yi baƙi, alhali tambayar izinin mai gudanarwa ce Windows ta fito da ita, wadda ba ta bayyana ga na nesa in an kunna manhajar ba tare da an girka ta da cikakken iko ba. Ogansa ya warware wannan da jimla ɗaya. In ka samu ogan ka huta, in yana wani wurin sai haƙuri.

Takardar matakan da suka ba mu da Turanci take, yaran sito kuwa sun fi sakewa da Hausa. Da na yi magana, injiniya ya yi musu saƙonnin murya da Hausa, kowace matsala da nata, da hoton fitilun rauta yadda ya kamata su kasance. Wannan ya yi amfani ƙwarai. A ciki har da gargaɗin cewa duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, a saukar da manhajar shigowa a karanto masa lamba, ɗan damfara ne, a kashe waya.

Kuɗinsu na wata bai kai rabin albashin ƙaramin ma'aikaci ba, ban da hayar saba da kuɗin kayan da aka canza. Ga ofis mai kwamfuta biyar zuwa ashirin, musamman mai reshe a wani wuri, ya fi ɗaukar ma'aikaci na dindindin sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda kwamfutarsa ɗaya ce ko biyu ba ya buƙatarsu. Wanda kuma aikinsa ba ya jure tsayawar awa ɗaya, kamar ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ya nemi wanda zai zauna masa a wurin. Duk mai shirin sa hannu da irinsu ya tambaye su lasisin manhajarsu, ya tambayi su wa suka san kalmar sirri da abin da ake yi in ma'aikaci ya tafi, ya kuma nemi a rubuta masa adireshin kowace na'ura da kalmar shiga rauta ya ajiye a hannunsa. Mu sai da muka nema kafin aka ba mu.

Mun sabunta yarjejeniya da su. Yanzu maganar da ke gabanmu ita ce ta Windows 10, wadda Microsoft ta daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoban 2025 sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi, kuma yawancin 'yan gwanjonmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Sun kawo shawarar a fara canza kwamfutar lissafi da ta sito, sauran a bi su a hankali, Alhaji ya amince. Inda ba mu daidaita ba shi ne zuwa da ƙafa. In rauta ta ƙone ko kebul ya yanke, ba abin da za a iya daga nesa, kuma zuwansu Dawanau yakan kai washegari, in ranar Juma'a ce sai Litinin. Na nemi a rubuta cewa daga Oktoba zuwa Janairu za su iso sito a ranar da aka kira. Sun ce sai an ƙara kuɗi kuma mu ɗauki nauyin mai. Kafin a gama wannan cinikin, mun sayi rauta ta biyu da sim na wani layin daban, injiniya ya saita ta tsaf, tana cikin kabad a sito tare da kebul sabo guda biyu.